Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Irin Fasahar Da Ta Dace Da Ƙauyukanmu

Duk wanda ya san arewacin Jihar Zamfara, wato daga Ƙauran Namoda zuwa Zurmi, a bi ta Shinkafi har a kai Galadi, ya san Allah ya yi wa wannan yanki arzikin ƙasa. Ga tudu na gero da dawa da wake da gyaɗa, ga kuma fadamu a bakin Gulbin Gagare da na Bunsuru, waɗanda ke haɗuwa can gaba su zuba ruwansu cikin Gulbin Rima. Saboda gyaɗa da audugar wannan ƙasa ne Turawan mulki suka ja layin dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a shekarar 1929. Ita kuwa kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta daɗe da yin suna, har daga Jamhuriyar Nijar fatake ke zuwa cin ta.

To amma duk da haka, manomin Galadi da takwarorinsa na ƙauyukan kewaye suna nan suna fama da matsalolin da iyayensu suka yi fama da su: ruwan sha, ruwan noman rani, ajiyar hatsi, da ƙasar da ƙarfinta ke raguwa kowace shekara. Kuma ba don ba a taɓa kawo wa karkara injuna ba. An kawo, an sake kawowa, gwamnati bayan gwamnati. Wasu daga cikin kayan sun zauna da gindinsu har jama'a na sayen su da kuɗin aljihunsu, wasu kuwa sun zama tarin ƙarfe da yara ke wasa a kansa. Abin da muke son mu duba tare da mai karatu a wannan mako shi ne dalilin wannan bambanci, domin a kansa ne cin abincin gidaje da yawa ya rataya.

Babbar Madatsa Da Ƙaramin Inji

Bari mu fara da ruwan noma, tun da a nan cikin Zamfara muna da misalai biyu da kowa zai iya auna su da kansa.

Na farko shi ne madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gama ginawa a 1978. An kashe mata maƙudan kuɗin man fetur, aka tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu. Da manoma suka tsaya kai da fata a kan sai an biya su diyya, sai aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu na 1980, rayuka da yawa suka salwanta. Bugu da ƙari, an tsara cewa babban ɓangare na filin za a riƙa shayar da shi da na'urorin yayyafi masu aiki da lantarki, waɗanda kayan gyaransu sai daga ƙasar waje. Da suka lalace sai suka tsaya cik. Su kuma manoman da ke ƙasa da madatsar, waɗanda kaka da kakanni ambaliyar gulbi ce ke jiƙa musu fadamar shinkafa, sai suka wayi gari ruwan ya ragu.

Misali na biyu bai yi ƙara irin wannan ba. A cikin shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona na jihohin Kano da Bauci da Sakkwato suka fara nuna wa manoma wata hanya mai sauƙi ta samun ruwa a fadama. Ruwan fadama yana kusa, ƙasar kuma yashi ce, don haka akan tura bututu cikin ƙasa da ƙarfin ruwa, cikin yini guda an sami 'yar rijiyar bututu. Sai a jona mata ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, wanda mutum ɗaya zai iya ɗorawa a bayan keke. Irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita 7 zuwa 8, shi ya sa fadama ce mahallinsa. Amma a inda ya dace, mutumin da a da yake yini yana jan jigo don ya shayar da ɗan ƙaramin lambu, sai ga shi yana shayar da kadada guda ko fiye ta albasa da tumatir da tattasai.

Ganin haka ne ya sa aka kafa Shirin Fadama na ƙasa, kashi na farko, daga 1993 zuwa 1999, da bashin dala miliyan 67.5 daga Bankin Duniya, kuma Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996, tana cikin jihohin da ya shafa. Shirin ya ƙare, amma injin bai tafi tare da shi ba. 'Yan kasuwa suka ci gaba da kawo shi, manoma suka ci gaba da saye, masu haƙa rijiyar bututu suka mai da abin sana'a.

Ashe ke nan gwaji na farko da ya kamata a yi wa kowace na'ura kafin a kai ta ƙauye shi ne: shin manomi zai iya mallakar ta da abin da ya samu a kaka ɗaya ko biyu? Abin da mutum ya saya da guminsa shi yake tattali, ya ɗauke shi ya kai ɗaki da dare, ya canja masa baƙin mai a kan lokaci. Abin da aka ce na gwamnati ne kuwa, kowa ya san yadda yake ƙarewa. Wani masanin tattalin arziki a Ingila mai suna E. F. Schumacher ya yi ta jan hankalin duniya a kan wannan batu tun a shekarun 1960, yana kira da a nema wa matalautan ƙasashe fasaha matsakaiciya, wadda ta fi fartanya aiki amma ba ta kai tarakta tsada ba. Hausawa sun riga shi da suka ce daidai ruwa daidai tsaki.

Idan Ta Lalace, Wa Zai Gyara?

Gwaji na biyu ya fi na farko muhimmanci, domin babu na'urar da ba ta lalacewa. Injin ban-ruwa ya ci wannan gwaji ne saboda cikinsa bai bambanta sosai da na babur ko ƙaramin janareta ba. Bakaniken da ke bakin tasha ya san shi, kayan gyaransa kuma suna nan a kasuwa.

Mu kwatanta wannan da abin da ya sami famfunan tuƙa-tuƙa. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI don samar da abinci da hanyoyi da kayan more rayuwa a karkara, aka haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka masu yawa. Ranar buɗewa a yi kiɗa a yi jawabi, bayan shekara ɗaya ko biyu a tarar da hannun famfo yana lilo, mata da yara sun koma tafki. Sau da yawa abin da ya lalace bai wuce 'yar robar da ke cikin famfon ba, wadda take cinyewa da yawan tuƙi. Amma a wasu irin famfunan, kafin a kai ga wannan roba sai an zo da ma'aikata da manyan kayan aiki an zaro bututun ƙarfe gaba ɗaya. Ƙauye ba shi da kayan, ba shi da wanda aka koya wa, ba shi kuma da asusun gyara, sai a zauna jiran mutanen ƙaramar hukuma.

Wannan matsala ce ta sa a farkon shekarun 1980 aka ƙero wani famfo mai suna Afridev a ƙasashen Malawi da Kenya, wanda mutum biyu na ƙauye za su iya zaro sandunansa su canja robar ba tare da sun taɓa bututun ba. Amma ko shi ma ba ya ɗorewa sai inda aka cika sharuɗɗa uku: a koya wa mutanen garin gyara, a sami mai shagon da ke ajiye robar a kasuwa mafi kusa, a kuma riƙa tara ɗan abin da ya sawwaƙa tun kafin famfon ya tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Garmar shanu ma shaida ce. Tun ƙarshen shekarun 1920 aka fara koyar da huɗa da shanu a Arewa, kuma ta zauna ne domin maƙerin gari ya koyi yi mata baki da gyara mata ƙafa. Taraktocin haya na gwamnati kuwa, da yawansu ƙarfe guda ne ya karye suka kwanta a harabar ma'aikata har ciyawa ta rufe su.

Gani Ya Kori Ji

Gwaji na uku ya shafi yadda ake isar da abin ga jama'a. Manomi ba ya yin caca da abincin iyalinsa saboda jawabin baƙo, kuma yana da gaskiya. Sai ya gani da idonsa.

Mu ɗauki ajiyar wake. Kowa ya san ƙwari na iya mai da buhun wake gari cikin 'yan watanni, shi ya sa manomi ke sayar da shi da kaka lokacin da yake arha, wani ya ajiye ya ci ribar da bazara. Wasu kuma su zuba masa maganin ƙwari mai guba, wanda ya sha kwantar da masu ci a asibiti, har ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru sun gano maganin abin tun ƙarshen shekarun 1980: buhu mai riɓi uku, wato leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A busar da waken sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi dabam. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Idan ledar ba ta huje ba, za a sake amfani da buhun a wata kakar.

Amma dabarar ta yi shekaru ba ta bazu ba, sai daga 2007 da aka bi hanyar da ta dace a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Malamin gona ya zo dandali, a cika buhunan wasu mutanen garin a ɗaure a gaban kowa, bayan wata huɗu zuwa shida a sake tara jama'a a kwance. Da aka ga wake ya fito sumul kamar ranar da aka zuba shi, ba a sake bukatar wani dogon bayani ba. Aka kuma sa wani kamfani a Kano yana yin buhun, wanda aka sani da buhun PICS, domin ya bi hanyar da sauran kayan kasuwa ke bi zuwa ƙauye.

Haka nan Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yi da randarsa a shekarun 1990. Ƙaramar tukunyar ƙasa ce a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke tsattsafowa yana bushewa a jikin babbar tukunyar, sai ya janye zafin ta cikin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27, tumatir da tattasai su yi mako uku. Ya raba dubban tukwanen farko kyauta, ya kuma yi amfani da wasan kwaikwayo wajen nuna wa mutanen ƙauye, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Sai dai a lura, a busasshen zafi irin na rani da bazara take aiki sosai, da damina kuwa ƙarfinta kan ragu.

Maƙwabtanmu na Maraɗi, waɗanda ƙasarsu ba ta da nisa da Zurmi, suna da misalin da ya fi waɗannan duka arha, domin wuƙa ko lauje kawai yake bukata. An yi shekaru ana dasa itatuwa a can suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da ake sassabewa kowace shekara a gona rassa ne na kututturen itatuwan da saiwarsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, cikin 'yan shekaru ya sami itace. Da farko an yi wa masu yin haka dariya, ana ce musu ƙazaman manoma. Amma da aka ga gonakinsu sun fi jure iska, ga itacen girki, ga ganyen dabbobi, ga gawo yana zubar da ganyensa da damina yana taƙin gero, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a Nijar.

Arha Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Kada mai karatu ya ɗauka duk na'ura mai arha alheri ce. Jihar Zamfara ta ga akasin haka a 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, mutane sun riƙa kawo duwatsun zinari cikin gida suna niƙa su da injin niƙa irin na hatsi. Injin yana da arha, ana iya gyara shi, kowa kuma ya ga ribarsa da idonsa, wato ya ci gwaji ukun nan duka. Abin da ba wanda ya faɗa musu shi ne duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da kwanukan abinci da hannuwan yara, yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi musu magani.

Darasin a fili yake: duk wanda ya kai na'ura ƙauye, ko ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, wajibi ne ya kai ta tare da saninta, amfaninta da haɗarinta duka. Wannan ya shafi mai sayar da maganin feshi a kasuwar Shinkafi kamar yadda ya shafi mai injin niƙa. A gefe guda kuma, ilimi tare da abu ɗan ƙarami yana iya yin abin mamaki. A 1988 an ƙirga masu ciwon kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba allura ba ƙwaya, ƙyallen tace ruwa da wayar da kai gida-gida su ne manyan makaman da aka yi yaƙin da su, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa cutar ta ƙare a ƙasar nan.

Idan Hanya Ta Toshe

Akwai gwaji na huɗu da halin da yankin ya shiga ya ƙara mana. Tun wajen 2011 satar shanu da hare-haren 'yan bindiga suka addabi Zamfara, kuma Shinkafi da Zurmi suna cikin wuraren da abin ya fi yi wa ɓarna. Manoma da yawa sun rasa shanun huɗa, gonakin nesa da gari suka gagara zuwa. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. An yi haka ne don a matsa wa ɓarayin daji, amma mai injin ban-ruwa ma da jarka yake sayen mai. Sannan a watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, ta kuma wuce 1,000 a 2024.

Wannan ya nuna cewa ƙaramin injin da muka yaba ma yana da igiya a wuyansa, kuma bakin igiyar yana gidan mai. Manoman rani a sassan Arewa ba su zauna ba: wasu sun sa kanikawa sun juya musu injin ya koma aiki da gas ɗin girki, wasu sun haɗa kuɗi sun sayi famfo mai aiki da hasken rana, wanda tsadarsa a ranar saye take, bayan nan ba ya shan komai. Amma shi ma sola sai an yi masa tambayoyin nan: wa zai gyara shi a Shinkafi idan ya tsaya, kuma ina za a ɓoye farantansa da dare? Buhun wake da randar sanyi da renon kututture kuwa ba ruwansu da ko hanyar Gusau a buɗe take ko a rufe. A wurin da zuwan ma'aikaci daga birni ya zama abu mai wuya, abin da ƙauye zai iya riƙewa da hannunsa shi ne abin dogaro.

Kiranmu

Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, duk kwangilar rijiya da za su bayar, su sa koyar da masu gyara da ajiye kayan gyara a cikin yarjejeniyar, kuma su fara da tayar da famfunan da suka mutu kafin su haƙa sababbi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana da ɗakunan aiki da malamai. Gajeren horo na 'yan makonni ga maƙera da masu walda da kanikawan yankin a kan famfo da sola zai yi amfanin da ba ya misaltuwa. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera murhu mai tsimin itace da na'urar busar da kayan lambu da hasken rana. Wurin da ya dace da waɗannan kaya shi ne rumfar kasuwa ranar Alhamis, inda magina da maƙera za su gani su kwaikwaya.

Muna kuma roƙon sarakuna da masu unguwanni da shugabannin addini da ƙungiyoyin mata, su da jama'a ke jin maganarsu, su ba da dandali a ɗaure buhu a gaban kowa, su kafa asusun gyaran famfo, su kuma tsaya a kan cewa itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne, kada wani ya sare masa. Shi kuma ɗan'uwa manomi, idan aka zo masa da sabon abu, ya tambayi kuɗinsa, ya tambayi mai gyaransa, ya ce a nuna masa inda ya yi aiki, ya kuma tambayi illarsa ga yaransa. Wanda ya zo da gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Galadi da kewayenta, ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa aikin hannuwanmu albarka. Amin.